Babi na 7: Idan Ƙararrawa Ta Fara Tsuwwa

Ƙararrawar tsaron gida murya biyu gare ta, kuma mutane da yawa ba sa bambanta su. Akwai jiniya, mai tashin unguwa idan an ɓalle ƙofa ko an gitta gaban na'urar jin motsi. Akwai kuma 'yar tsuwwar nan da allon lambobi ke yi duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa tana ƙyaftawa a gefe. Jiniya zancen ɓarawo take yi. Tsuwwa kuwa na'urar ce ke kawo kukanta, kuma a garin Akokan, in ka bi diddigi, kukan da wuya ya wuce na wuta: ko ta bango ba ta isowa yadda ya kamata, ko batirin da ke cikin akwati ya gaji, ko duka biyun sun haɗu.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Tsuwwa ta hana maigida barci, ya tashi da tocila ya daddanna duk abin da hannunsa ya kai, ta ƙi shiru. Ya zare waya daga soket, abin ya ƙaru. Daga ƙarshe ya buɗe akwati ya cire kan batir, gida ya yi tsit. Daga wannan dare gidan ba shi da ƙararrawa, sai kwalinta a jikin bango, iyali kuwa suna kwana da zaton akwai mai gadinsu. A ganina wannan ya fi rashin ƙararrawar muni, domin wanda ya san ba shi da ita yakan ƙara kwado a ƙofa.

Kafin a ɗauki sukurdireba, sai a san wutar da ake magana a kanta. Akokan gari ne da ma'adini ya haifa. An kafa kamfanin COMINAK a 1974, ya fara fitar da yuraniyom daga ramin Akuta a 1978, aka gina wa ma'aikatansa gidaje 'yan kilomita kaɗan daga Arlit, inda kamfanin SOMAÏR ya riga ya fara aiki tun 1971. Wutar garuruwan biyu daga kudu take zuwa, daga tashar SONICHAR da ke Anu Araren kusa da Cirozerin, inda ake ƙona kwal. Injuna 2 ne, kowanne megawat 18.8, sun fara aiki a farkon shekarun 1980, kuma layi mai kilobolt 132 ne ke ɗauko wutar ya ratsa da ita hamada fiye da kilomita 150. Daga wannan tasha kamfanin wuta NIGELEC ke sayen abin da yake raba wa Agadas da Cirozerin da Arlit. Wannan yanki na arewa ba ya haɗe da layukan da ke shigo da wuta daga Nijeriya zuwa Yamai da Maraɗi da Damagaram, shi ya sa yanke wutar da Nijeriya ta yi a watan Agustan 2023 bai zo wa Arlit ta wannan hanya ba. Amma zaman kaɗaici yana da nasa farashin. Idan inji ɗaya ya shiga gyara, rabin ƙarfi ya tafi ke nan, ba maƙwabcin da za a ranto daga wurinsa. Injunan sun haura shekara 40, garuruwan kuma sun ninka abin da aka yi lissafi da shi tun farko.

Muddin kamfani na aiki, mazaunin gidan kamfani bai cika damuwa da waya ko soket ba, akwai masu wannan aikin. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, kuma tun daga nan kowane gida ya koma ɗaukar nauyin wayoyinsa. Zancen tsaro dai ba baƙo ba ne a nan. An sace mutum 7 a Arlit a watan Satumban 2010, aka kai harin bam a masana'antar SOMAÏR a watan Mayun 2013. Sai dai waɗannan abubuwa ne na soja da manyan kamfanoni. Ƙararrawar da muke magana a kanta ta fi haka ƙanƙanta, kuma ba ta zama ruwan dare ba: ɗan kasuwa mai sito cike da kayan Aljeriya, mai shagon aika kuɗi, mai sayar da magani, mai hulɗa da masu haƙar zinariya tun da aka samo ta a Jado da Cibarakaten a 2014, ko tsohon ma'aikaci da ya kwashe iyali zuwa Agadas ya bar gida a kulle watanni.

Duk waɗannan sun sayi na'urar da ba don garinsu aka ƙera ta ba. Ƙa'idar da ƙasashen Turai ke bi wajen ƙera ƙararrawar ɓarayi, EN 50131, ta ce irin ta gidaje da ƙananan shaguna ta iya jure awa 12 a kan batir kaɗai, sannan ta ba ta har awa 72 ta mayar da batirin kashi 80 cikin ɗari. A duba waɗannan lambobi biyu da kyau. Wanda ya rubuta su yana zaune ne a inda ake ɗauke wuta jefi-jefi, ta dawo ta zauna kwana da kwanaki. Masu ƙera batir su ma da ɗaki mai digiri 20 zuwa 25 suke lissafi. Babu ɗaya daga cikin zato biyun nan da ke tsayawa a Akokan cikin watan Mayu. Saboda haka sau da yawa na'urar da ake cewa ta lalace lafiyarta ƙalau, an dai ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

Hanyar da wuta ke bi a cikinta gajera ce. Bolt 220 na soket na shiga ƙaramin taransifoma, ya rage ta zuwa wajen bolt 16 ko 18. Allon uwa da ke cikin akwati ya miƙe ta, ya tsayar da ita kusa da bolt 13.7. Daga nan ta rabu: wani kaso ya tafi cajin batir, wani ya bi siraran wayoyi zuwa allon lambobi da na'urorin jin motsi, wani ya jira jiniya. Mai neman inda matsala take sai ya bi wannan hanya daga bango zuwa ciki, kada ya tsallake, domin abin da ya fi sauƙin dubawa shi ne kuma ya fi yawan zama mai laifi. Babban kayan aikin da ake buƙata shi ne mitar awon wuta, irin wadda ke teburin kowane mai gyaran rediyo da waya.

Da fari a tambayi na'urar kanta. Kusan kowane allon lambobi yana da hanyar faɗin abin da ke damunsa. A tsofaffin samfurin PowerSeries na kamfanin DSC, alal misali, danna tauraro da 2 ke nuna lambar matsala: 2 na nufin babu wutar bango, 1 na nufin ana neman gyara, wanda raunin batir na cikinsa, 8 kuma agogon ne ya ɓace. Wasu nau'o'in rubutawa suke da Faransanci ko Ingilishi. Masu ajiye tarihin abin da ya faru sun fi amfani, don za ka ga ranar da sa'ar da wuta ta tafi da wadda ta dawo, ka san awa nawa batir ya yi yana ɗauke da gida shi kaɗai.

Sai soket. Kada a raina wannan mataki. A gida mai yara da baƙi, soket ɗin da ba kowa a kusa da shi ganima ne, wani zai zare taransifoma ya sa cajar waya, ya tafi bai mayar ba. Wani soket ɗin makunni gare shi da mai shara ke kashewa. A manyan gidaje masu layi uku, layi ɗaya kan faɗi alhali fitilun falo na ci, maigida ya rantse akwai wuta. A sa fitila ko fanka a soket ɗin a gani. In akwai wuta, a aza hannu a kan taransifoma. Mai aiki ɗumi gare shi. In ya yi sanyi ƙalau ga wuta a soket, to ya mutu, galibi wani ɗan fiyus na zafi da aka binne cikin naɗinsa ne ya tsinke, kuma ba a gyara shi, sauyawa ake yi da mai lambobi iri ɗaya. In ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko dai ana jan abin da ya fi ƙarfinsa, ko wutar da ke shigarsa ba ta da kyau.

Akwai wata matsala da ta fi waɗannan ɓuya, ita ce wuta mai rauni. Da maraicen bazara, lokacin da kowace fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki ke ja, gidan da ke ƙarshen layi kan sami abin da bai kai 220 ba. Taransifoma ba ya ƙirƙirar wuta, rabawa kawai yake yi daidai gwargwado. Wanda aka yi don ya ba da 16.5 daga 220, idan aka ba shi 160, bolt 12 zai fitar. Wannan kan isa fitilar allo ta nuna akwai wuta, amma ba lalle ya isa a tura caji cikin batir ba. Na'ura na ci daga batir a hankali, kowa na ganin komai lafiya. Don haka awon da aka yi da hantsi bai wadatar ba. A sake aunawa bayan magariba, a gefen mita da aka rubuta AC, a kan sukurori biyun da wayar taransifoma ke shiga allon uwa. In an ga tazara mai yawa tsakanin awon safe da na dare, ƙaramin sitabilaiza ne magani, ba sabon allo ba.

Yanzu mun iso batir, inda mafi yawan labarin yake.

Mutane sun ɗauka batirin ƙararrawa ɗan zaman jira ne kawai, sai an ɗauke wuta yake da aiki. Ba haka ba ne. Ƙararrawar lantarki ta farko da aka yi wa rajista, wadda Augustus Pope ya ƙera a Amurka a 1853, da batir kaɗai take aiki, don a lokacin babu gidan da ke da wutar bango. Har yau a yawancin na'urori batir ne ke ɗaukar nauyin jiniya, wadda kan ja rabin amfiya zuwa amfiya guda ko fiye, abin da ƙaramin taransifoma ba zai iya bayarwa a kan sauran kaya ba. Shi ya sa ake ganin abin mamaki: ga wuta a gari, an buɗe ƙofa, jiniya ta yi kuka sau ɗaya ta shaƙe, allon lambobi ya mutu ya sake tashi. Wanda ya ga haka ba sai ya kira kowa ba, batirinsa ya ƙare.

Batirin da ke yawancin akwatuna na dalma ne rufaffe, bolt 12, amfiya-awa 7, jikan wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a 1859. Awonsa hawa uku ne. A juya mita zuwa DC, a cire wayoyi biyun daga kan batir alhali wutar bango na nan, a auna bakin wayoyin. Galibi za a ga 13.6 zuwa 13.8. In an ga ƙasa da 13, ko ba a ga komai ba, laifin na allon uwa ne ko fiyus ɗin batir, kuma sabon batir ma mutuwa zai yi a wurin. Sannan a bar batirin ya huta kamar awa guda a auna shi shi kaɗai. Cikakke kan nuna 12.6 ko sama. Amma kada a tsaya nan, domin mataccen batir ya iya ƙarya. Yana iya nuna 12.5 ba tare da yana da ƙarfin ɗaukar komai ba. Gaskiyarsa ba ta fitowa sai an ɗora masa kaya. A samo kwan fitilar mota mai wat 21, irin na birki ko sigina, wanda ke jan abin da ya kusa amfiya 2, a haɗa shi da batir, mita na manne. Mai lafiya zai tsaya sama da 12 mintoci da dama. Matacce zai gangaro 10 ko ƙasa kana kallo, kwan ya yi ja ya dushe.

A nan ne gardama kan tashi tsakanin mai gyara da maigida.

"Malam, ai batirin nan sabo ne. Bara waccan aka sa shi."

"Ranka ya daɗe, Alhaji, batirin da ya ga bazara biyu a wannan ɗakin ai ya yi ƙoƙari."

Mai gyaran ke da gaskiya, kuma masu ƙera batir da kansu sun buga hujjarsa a takardunsu: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 na raba rayuwar batirin dalma biyu. Wanda zai yi shekara 4 a digiri 25, shekara 2 zai yi a 35, shekara guda a 45. A Arlit da Akokan zafin inuwa kan haura 40 cikin Mayu da Yuni. To ina ga cikin akwatin ƙarfe, kusa da taransifoma mai ɗumi, a ɗakin ajiya mara taga, an kafa shi can sama dab da rufi don kada ɓarawo ya kai gare shi? Mai sakawa ya yi tunanin ɓarawo, ya manta rana. Ga kuma wani ƙari: batir mai zafi ƙarancin bolt yake so wajen caji, kamar 0.02 a kowane digiri, amma allon uwa mai araha bai san wannan ba, 13.7 ɗinsa yake turawa rani da damina. Ruwan cikin batir ya bushe, cikinsa ya kumbura. Duk batirin da ka ga gefensa ya turo ko farin gari ya taru a kansa, ba sai an auna ba.

In da hali, a sauko da akwatin ƙasa, a mai da shi bangon ciki wanda rana ba ta duka ta bayansa, nesa da madafa, a ɗakin da mutane ke kwana. Ɓoye shi bayan kabad ya fi rataye shi a rufi. Wannan aikin na yini guda ya fi duk wani batir mai tsada tasiri.

Zafi rabin labari ne. Ɗaya rabin lissafi ne. Mu ɗauki gida matsakaici: allon uwa na cin miliamfiya 100, allon lambobi 60, na'urorin jin motsi 6 kowacce 15, na'urar kiran waya mai katin SIM wani 100. Jimla 350. A takarda, batir mai amfiya-awa 7 zai riƙe wannan awa 20. A zahiri sabo ma ba ya kaiwa, wanda ya ga bazara guda kuwa rabi ya rage masa. Har nan da sauƙi. Sai maigida ya ga akwai bolt 12 a akwati, ya sa a jona masa kyamara guda biyu, ko na'urar intanet, jan ya koma 800 ko fiye. Cajar allon uwa kuwa 'yan ɗaruruwan miliamfiya take bayarwa, kuma tana rage hannu in batir ya kusa cika. Abin ya zama randa ce ake cika ta da ɗigon famfo, ana ɗiba da bokiti. Ɗaukewar wuta ta awa 6 ta kwashe abin da sai an yi fiye da awa 12 kafin a mayar, kafin nan kuma an sake ɗaukewa. Kullum batir na kwana ƙasa da inda ya kwana jiya. Batirin dalma kuwa ba abin da ya tsana irin zama rabi-rabi: wani farin gishiri ne ke daskarewa a kan farantansa, ya toshe su, ba ya komawa. Cikin 'yan watanni sabon batir ya zama tsoho, a zagi mai shago, a sayo wani, shi ma ya bi sahu.

Ba wai mai shago kullum yana da gaskiya ba. Batirin da ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a bayan babbar mota, ta hanyar Tawa ko ta Asamaka, sannan ya yi shekara a kan kanta cikin zafi ba caji, ya fara mutuwa tun kafin a saye shi. A tafi da mita shago, in bai kai 12.5 ba a bar shi. A kuma ɗaga shi a ji nauyi. Dalma ce ke riƙe wuta, kuma dalma nauyi gare ta: mai amfiya-awa 7 na gaske kan kai kilo 2 ko ya ɗara. Wanda ya zo hannu sakayau, duk abin da aka rubuta a jikinsa, an rage masa ciki.

Maganin lissafin shi ne a sauke kaya ko a ƙara wurin ajiya. Kyamara da intanet su koma kan tasu wutar. In gidan na da sola da inbata, a ja wa ƙararrawa layi daga nan, ta yadda a wurinta wuta ba ta taɓa ɗaukewa ba. Sai dai a lura, inbata mai araha da wutarsa ba ta da santsi kan sa taransifoma gurnani da zafi. In babu sola, akwai akwatin wuta na daban mai tasa caja da batir mai amfiya-awa 17 ko 18, a ɗora masa na'urorin jin motsi da jiniya, a haɗa baƙar wayarsa da ta allon uwa. Dabarar da ba na goyon baya ita ce jawo batirin mota a jona kai tsaye. Cajar allon ba za ta taɓa cika shi ba, yana fitar da iska mai kama wuta a rufaffen ɗaki, kuma ba don a riƙa zuƙe shi a hankali aka yi shi ba. Haka nan haɗa tsohon batir da sabo gefe da gefe, tsohon ne zai shanye sabon.

Akwai alamu biyu da ke firgita mutane, duk kuwa da cewa na wuta ne. Ɗaya ita ce jiniya ta tashi tsakar dare ba kowa, an ɗauke wuta da 'yan awanni, ko daidai lokacin da ta dawo. Na'urar jin motsi in wuta ta yi mata ƙaranci, wajen bolt 9 ko 10, sai ta saki, allon uwa kuma ya ɗauki sakin a matsayin mutum ya gitta. Za a yi ta zargin mage da ƙadangare, har da aljanu, alhali batir ne. Ɗayar ta fi ban haushi: komai ya mutu, allon lambobi ya yi duhu, amma jiniyar waje na ta kururuwa, lambar sirri ba ta kashe ta. Irin wannan jiniya nata ɗan batirin gare ta, kuma an yi ta ne ta yi shiru muddin tana jin wuta daga akwati. Da wutar ta yanke, sai ta ɗauka ɓarawo ne ya datse waya. Aikinta take yi. Za ta yi shiru in lokacin da aka ɗibar mata ya cika ko wuta ta dawo akwati, ba sai an hau tsani da guduma ba.

Janareta, ko gurup kamar yadda ake ce masa a nan, yana da nasa halin. Ƙarami mai araha wutarsa hawa da sauka take, musamman a daƙiƙoƙin farko da lokacin da mai ya kusa ƙarewa. A bar shi ya daidaita kafin a juya gida kansa. Dawowar wutar gari ma kan zo da duka, shi ya sa sitabilaiza mai ɗan jinkiri kafin ya saki wuta ya fi wanda ba shi da shi. Hadarin Yuli da Agusta ba shi da yawa a nan, amma tsawa ɗaya ta isa, ga shi busasshiyar ƙasar hamada ba ta karɓar wuta da sauƙi, sandar ƙarfen da aka kafa don kai wuta ƙasa sau da yawa suna ce kawai in ba a zurfafa ta ba.

In soket da taransifoma da batir duk sun fita, amma na'urori ba su da wuta, saura wayoyi. Rana na gasa robar wayar da aka bi da ita ta kan katanga har ta tsage, ɓera na ci ta cikin silin, ƙusa na huda wadda aka binne a filasta. Ja da baƙa suka haɗu, fiyus ya tsinke. Sababbin alluna ba su da fiyus na gilashi, wani ɗan abu ne ke katsewa in ya ji zafi, ya koma da kansa in an cire abin da ya jawo. Hanyar gano mai laifi ita ce a kwance duk jajayen wayoyin da ke fita zuwa na'urori, a auna wurin, in 13 da ɗoriya ta dawo sai a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har a kai kan wadda ke kayar da ita. Fiyus in ya tsinke a sa mai lamba irin tasa. Naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin sigari, kamar yadda ake yi wa babur, hanya ce ta ƙona allon da ya fi fiyus tsada nesa ba kusa ba. Na'urar da ke can bakin ƙofar gida kuma a auna ta a inda take, ba a akwati ba, don siririyar waya mai tsawo na shan nata kason a hanya.

Masu nau'in da ba ya amfani da waya ba su tsira ba, matsalar ce ta rarrabu. Kowace na'ura na da ɗan batirinta, galibi CR123A mai bolt 3, kuma manhajar da ke wayar hannu kan faɗi wanda ya yi rauni. Batirin uwar kuwa ƙarami ne, shi ma zafi na cinsa. Sannan saƙon da za ta aiko maka ta eriyar kamfanin waya zai bi, ita ma wuta take ci. Wanda ke Agadas yana jiran gidansa na Akokan ya kira shi, ya kunna saƙon gwaji na kullum in na'urarsa na da shi, don ya san ranar da ya daina zuwa.

Sauya batir aiki ne da maigida zai iya da kansa. Gefen 220 kuwa, in taransifoman na cikin akwati ne da waya kai tsaye, a bar wa mai aikin lantarki. A kashe tsaro da lambar sirri tukuna, a kuma gaya wa maƙwabta, don murfin akwati na da ɗan makunni da ke tada jiniya in an buɗe. Ja kan ja, baƙa kan baƙa, a tabbata bakin ya kama gam. Na'urori da yawa ba sa tashi da batir kaɗai sai sun ji wutar bango, don haka wanda ya sauya batir cikin duhu kada ya ce an sayar masa da matacce. Alamar raunin batir na iya daɗewa 'yan awanni kafin ta ɓace. A gyara agogo. A rubuta wata da shekara a jikin batirin da alƙalami mai kauri, kuma lokacin da ya fi dacewa da gwajin kwan mota shi ne Fabrairu ko Maris, kafin zafi ya sauko.

Tsohon batirin kuma kada a bar shi a tsakar gida yara su fasa, kada a narka dalmarsa a murhun girki. Gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. A kai shi wurin masu sayen tsofaffin batura, ko a bar wa mai shagon da aka sayi sabon.